Tsohuwar Salansar Elvis

Duk layin sukan ji motar Elvis kafin su gan ta. Baƙa ce mai ƙofa biyu, mai turbo, kuma tun ranar da Ambrose mai walda ya yanke mata tukunyar salansa ya maƙala wani ƙaton bututu, ba ta ƙara shiga Sabon Gari da ladabi ba. Gurnani take yi, in an ɗaga ƙafa daga totur kuma ta yi wata irin atishawa. Uwar Elvis, Madam Felicia mai atamfa a kasuwa, ta yi faɗa har bakinta ya gaji. Amma fa ita ɗin ce dai, da ta jiyo ƙarar daga kwana sai ta miƙe ta ɗora miya a wuta.

Zazzaɓi ne ya ɗauke Elvis da damina. Bayan an binne shi kawunsa ya sayar da motar, Felicia ta ce gara haka, a kawar mata da ita daga ido. Ba wanda ya tuna da kunne.

Wanda ya saya wani saurayi ne ɗan Fagge, Bahauddeen, kuma ta layin su Felicia yake bi kullum da yamma in ya taso daga shago. Ranar farko da Felicia ta jiyo ƙarar, sai da ta kunna risho kafin ta tuna. Ta zauna a ƙasan kicin tana kallon wutar. Washegari ma haka. Ta san ɗanta yana kabari, ita ta zaɓa masa rigar da aka sa masa, amma ƙafafunta ba su yarda ba. Har ta fara jin atishawar nan inda babu mota, a tsakiyar rumfuna, a coci ana waƙa. Ta rame, tsoro ya kama ta kada ta zauce.

Kamar kowane mai mota a Kano, Elvis bai bar abin da aka cire masa a gareji ba. Tsohuwar salansar tana yashe a bayan gidansu, ta yi tsatsa. Felicia ta jawo ta har bakin titi, da motar ta ɓullo ta tsaya a gabanta.

Bahauddeen ya taka birki ya fito a fusace, sai ya ga dattijuwa ce.

"Mama, lafiya?"

"Motar ɗana ce. Ya rasu," in ji ta. "Kullum ka wuce sai in ɗauka shi ne. Don Allah ka mayar mata da wannan, in samu in huta."

Saboda ƙarar nan ya sayi motar, kowa ya sani. Ya daɗe yana kallon ƙarfen. Sannan ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Mama. Shigo mu je."

Ta ƙi shiga. Ta hau adaidaita ta bi shi a baya har garejin Ambrose.

Kafin a ɗaga motar Bahauddeen ya ce, "In taka miki sau ɗaya, Mama, kafin a cire?"

"Kada ka soma!" Ta juya ga Ambrose. "In ka cire bututun nan ka yanka shi gunduwa-gunduwa, kada wani ya sa wa tasa."

"Maman Elvis, kin tabbata?"

"Ka ga na yi kama da mai wasa?"

Ta zauna a benci ta ba su baya. Tana jin zarto, tana jin tartsatsin walda, tana gaya wa kanta yau za ta yi barci. Can aka sauke motar. Ta taso ta gyara zani.

"To ɗana, tayar mu ji."

Bahauddeen ya dubi Ambrose, ya sunkuyar da kai.

"Mama, ai tun ɗazu take aiki."

Ta matsa ta ɗora hannu a kan bonet. Da ɗumi, yana ɗan rawa, shi ke nan. Ta kasa kunne sosai, ba ta ji komai ba sai janareton maƙwabta. A nan ne Elvis ya mutu mata, mutuwar da ba ta ji ba a asibiti, ba ta ji ba a maƙabarta.

Ta waiga da sauri za ta ce wa Ambrose ya dakata. Yana tsugune yana kwashe guntayen bututun yana zubawa a buhu.