Ranar da Aka Fitar da Keken Umma

Da jarrabawar fita ta matso, Baba ya tara mu a falo ya kafa doka: daga yau babu hayaniya a gidan nan. Ya zare wayar talabijin ya jefa cikin aljihu. Aka haɗa wa Auta, ƙanwata, kayanta a jaka, aka kai ta gidan Gwaggo tana kuka.

Saura keken ɗinkin Umma, wanda ya fi kowa surutu a gidan. Baba da maƙwabcinmu suka cicciɓe shi zuwa mota, aka kai shi shagon wata ƙawarta a bakin kasuwa. Ƙafafunsa suka bar tabo a siminti, gindin taga.

"Duk don kai ne," in ji Baba. "Ni ban samu wannan gatan ba."

Na ce na gode.

Tun ina firamare a gindin keken nan nake karatu. In zauna a ƙasa, in jingina da buhun ƙyallaye, in ɗaga murya don ta fi ta keken. Umma tana taka shi, allurai a bakinta, jifa-jifa ta ce, "Sake faɗa, ban ji ba." Sai in sake. Sassan zuciya na haddace su ranar da take ɗinka wani koren labule. Sunayen koguna sun shiga kaina tare da rigar makarantar Auta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin wata dabara ba. Zama ne kawai.

Yanzu ga ɗaki ni kaɗai, ga tebur, ga sabuwar fitila, ƙofa a rufe. Ina jin agogon bango. Ina jin haɗiyar yawuna. In karanta shafi har ƙarshe, in juya, in rasa me ya ce. Baba in ya dawo daga aiki sai ya cire takalmi tun daga ƙofar gida, ya riƙe a hannu yana sanɗa kamar ɓarawo. Umma ta dawo da yamma a gajiye, ta ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya ta wuce. Cokali ya taɓa faranti a kicin, sai in ji Baba ya yi gyaran murya.

A gwajin da aka yi mana kafin babbar jarrabawa na zauna ina kallon takarda har aka ce a ajiye biro.

"Ƙoshi ne ke damunka," in ji Dogo, abokina, muna fitowa. "An ba ka ɗaki guda har da fitila. Ni a bayan shagon yayana nake karatu, injin niƙa na ci a kunnena."

"Mu yi musaya."

Ya yi dariya. Ni da gaske nake.

Ran nan Firinsifal ya faɗa a taron safe cewa duk wanda ya ga bai shirya ba yana iya bari sai baɗi, amma ya zo da uwa ko uba kafin mako ya ƙare. Maganar ta zauna mini a ƙirji. Baɗi. Su Dogo su tafi, ni in koma benci ɗaya da yaran da nake kora daga layin famfo. Duk da haka na ji sanyi da na tuna akwai ƙofa. Wataƙila in na ce na fasa, a dawo da talabijin, a dawo da Auta, a dawo da keken.

Ban iya tunkarar mutumin da ke yawo da takalmi a hannu saboda ni ba. Da aka tashi daga makaranta sai na nufi kasuwa.

Shagon ƙarami ne, kekuna a jere, rediyo na ihu, janareton mai walda na ruri a maƙwabta. An ba Umma lungu can ciki, fuskarta na kallon bango. Na tsaya a ƙofa ina kallon bayanta, kafaɗarta na motsi tare da ƙafarta. Warin man keke ya bugi hancina. 

"Ga Dakta ya zo," in ji Anti mai shagon. "Ku kashe rediyon nan kada mu lalata masa ƙwaƙwalwa."

"A bar shi, Anti."

Umma ta waiwayo. "Lafiya? Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Bakinka bai nuna ba."

"Umma, so nake ki zo makaranta jibi."

"Me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba. Jarrabawar zan bari sai baɗi."

Ƙafarta ta tsaya. Ta zare allurar da ke bakinta ta soke a gefen ɗankwali. 

"Babanka ya sani?"

"A'a."

"Zo riƙe mini bakin yadin nan, yana jan ƙasa."

Babu kujera. Na zauna a kan buhun ƙyallaye, na riƙe. Ta ci gaba da takawa. Keken ya ɗauka, da ɗan ƙaran nan da yake yi duk sanda bel ya zagayo wurin ɗaurin.

"Me ka karanta jiya?"

"Zagayawar jini."

"Ban ji ba."

"Zagayawar jini, na ce."

"To, ina yake zuwa?"

Na buɗe baki don in ce ban sani ba, sai na ji ina faɗa. Daga zuciya zuwa huhu, daga huhu ya komo. Na ɗaga murya saboda janareto. Na kai rabi na cije, na koma baya, na sake tasowa. Wasu sun zo, wasu sun ƙi.

"Daidai ne?" in ji Anti.

"Oho," Umma ta ce. "Ni dai ji nake yi."

"Ai gara da ka zo," Anti ta ce mini. "Uwarka tun da ta tare a nan take ce wa bango ya sake faɗa. Har mun fara tunanin nemo mata magani."

Umma ba ta ɗago ba. Ta gutsure zare da haƙori, ta juya yadin.

"Ɗakin jarrabawa babu keke, Umma."

"Na sani."

"To?"

"To ni ba inda za ni jibi, ina da ɗinkin mutane. In ka matsu ka ja Babanka." Ta gyara zaman yadin a ƙarƙashin allura. "Buhun nan dai ba mai zama a kansa da la'asar."

Jibi ta zo ta wuce, ban kai kowa makaranta ba. Kullum in an tashi sai in wuce kasuwa. Da Umma ta gaya wa Baba inda nake zuwa, sai ya ce, "Fitilar fa?" Bai daina cire takalmi a ƙofa ba. Keken ma bai dawo ba, don ta karɓi aikin da sai a shago za ta gama shi. Da safe in na fito sai in taka tabon nan na gindin taga in wuce.

Ranar farko ta jarrabawa aka jera mu a babban zaure, kowa da teburinsa. Shiru irin na gidanmu. Na karanta tambaya ta ɗaya, kaina wayam. Na rufe ido. Ban san sanda ƙafata ta fara ba, dunduniya a ƙasa, yatsu na sama da ƙasa. Koren labule ya zo. Na fara rubutu.

Mai tsaron jarrabawa ya tsaya a kaina, ya ƙwanƙwasa tebur da biro.

"Kai, ƙafarka. Kana damun mutane."

Na tsayar da ita. Da ya wuce, na ci gaba da taka keken da babban yatsa, a cikin takalmi, inda ba mai ji.