Saniyar da Fihirisa Ta Tsallake

Sa'adiyya ta tsani a ce aikinta wasan yara ne, kuma abin da Kawu Bunu ya zo ya faɗa mata ke nan a ofishin ƙungiyar makiyaya da ke Kazaure. Ita ta gina musu shafin cigiyar dabbobi a intanet: duk wanda ya tsinci dabba sai ya sa hotonta da bayaninta, mai ita ya bincika.

Saniyar Kawu ta ɓata tun damina, kuma ita kaɗai ta rage cikin shanun marigayiya matarsa. Ya taka Gwiwa, ya taka Babura, har ƙafarsa ta kumbura. Yanzu ya ce gobe zai tsallaka Nijar.

"Kawu, zauna tukuna. Mece ce shaidarta?"

"Ƙahon hagu a karye yake, 'yata. Amma na'urarku ba ta san saniya ba."

Ta rubuta "karyayyen ƙaho". Babu. Ta gwada "tsagar kunne". Babu! Nan ta tsargu, domin ko jiya ta ga wata mai tsagar kunne a shafin. Ta rubuta "saniya" kawai, sai ga ɗaruruwa sun zubo.

Ashe gurbin "shaida", wanda makiyayan suka matsa mata ta ƙara daga baya, bai taɓa shiga fihirisa, wato jerin kalmomin da bincike ke dubawa, ba. Su kuwa mutanen, Allah sarki, a babban gurbin bayani "saniya" kawai suke sawa, kamar akwai mai zaton raƙumi ce. Duk kamanninta a gurbin shaida suke jibgewa. Haushi ya kama ta. Ta shigar da gurbin, ta gwada, har yanzu shiru, don tsofaffin bayanan ba za su fito ba sai an sake gina fihirisar. Ta sa aka fara, Kawu yana ta laluben takalmansa.

Da aka gama ta sake rubutawa. Hoto ɗaya ya fito: wata fara mai karyayyen ƙaho, a hannun wani mai unguwa a ƙasar Roni. Ga ɗan maraƙi a gindinta.

Kawu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin na'urar. Sa'adiyya ta ji ƙwalla ta cika mata ido.

"Ta haihu ba na nan," ya ce. "Tashi, 'yata, nemo mana mai babur."