Faifan da Ya Ƙi Goguwa

Injiniya suke ce masa a layin shagunan, duk da bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba. Shekara ashirin ke nan yana gyaran kwamfuta a wani ɗan shago mai kujera biyu, fanka ɗaya, da rediyon da ba ya mutuwa daga buɗewa har rufewa. Yana da doka uku da kowa a layin ya haddace don yawan maimaici: a kwafa, a zare, sannan a goge. Ka kwashe kayan mutum zuwa wani faifai na waje, ka buɗe ko da fayil ɗaya ka tabbatar ya kwafu, ka zare faifan nan ka ajiye shi can nesa, sannan ka taɓa gogewa. Telan da ke maƙwabtaka da shi yakan tsokane shi da cewa ko ruwa za a ba shi sai ya tambaya ko an kwafa.

To, wanzami ba ya son jarfa. Laftof ɗin matarsa ta yi wata takwas a saman kabad ɗin ɗakinsu, tun ranar da aka dawo daga asibiti babu ita. Malamar firamare ce, kuma duk abin da ya rage na muryarta a duniya yana cikin laftof ɗin nan: darussa ɗari biyu da wani abu da takan ɗauka a falo don yaran da suka yi fashin zuwa aji. Wayarta tuni ta bi hannun wani ɓarawo a harabar asibiti, Allah ya isa. Bai taɓa kunna darussan ba. Ba wai zafi yake ji ba, da ma zafin ne da sauƙi. Ba ya jin komai ne. Yana ci, yana wanka, yana amsa gaisuwa, kamar wanda aka yi wa allurar kashe jiki aka manta da shi a kan gado.

'Yarsu ɗaya tilo, wadda yake kira Mamana, ta sami gurbi a jami'a, za ta tafi jibi, kuma tana buƙatar kwamfuta. Ita ta sauko da laftof ɗin da kanta, ta goge mata ƙura da gefen ɗankwalinta, ta ajiye a gabansa. Ta ce ya sa mata sabuwar manhaja, tsohuwar ta yi nauyi.

"Amma Baba, ka kwashe min darussan Mama tukuna."

Ya ce ai wannan ba sai an faɗa masa ba.

Da hantsi ya buɗe ta a kan teburin shago. Hoton wata fulawa ja ya fito a allo, da sunan matarsa a ƙasa. Ya san lambobin sirrin, ranar haihuwar Mamana ce. Ya jona faifan waje, ya tura shi bayan murfin laftof ɗin don kada ya tare masa wuri, ya kwafe darussan gaba ɗaya. A dokarsa, nan ne zai buɗe fayil ɗaya ya saurara. Ya kai hannu, ya janye. Ya ce a ransa adadi ya cika, ai shi ke nan. Yana shirin zare faifan sai ga kiran Mamana, tana tambaya ko babbar jakar nan mai taya tana gidan ƙanwarsa. Suka yi minti biyar a kan jaka. Da ya ajiye wayar, sai ya ɗauki filashin da ke ɗauke da sabuwar manhaja ya soka, ya sake kunna laftof ɗin.

Aikin da yake yi sau huɗu, sau biyar a rana ne, ko ido rufe zai yi shi. Ya zaɓi faifan ciki, ya danna fomatin, wato a goge shi. 'Yar da'irar nan ta yi ta juyawa, can sai ga saƙo: ba a iya goge wannan sashe ba.

Ya sake dannawa. Amsar ɗaya ce.

Bai yi tsaki ba. Ya bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba. Ya cire sassan faifan duka don ya raba shi sabo. Allo ya nuna sun tafi, ya sake kunnawa, ga su nan sun dawo cif, ko ƙwarzane babu. Ya ce wataƙila filashin ne ya lalace, ya ɗauko wani daga aljihun tebur. Ya sauya masa kafar da ya soka shi. Ya shiga saitin uwar na'ura ya juya yadda take magana da faifai, ya mayar, ya sake juyawa. Duk lokacin da ya zare filashin ya bar laftof ɗin ta tashi da kanta, fulawar nan ja ce ke fitowa, da sunan matarsa a ƙasa, kamar ba a yi komai ba.

Tela ya leƙo da rana tsaka, tef a wuya, ya tarar da shi a inda ya bar shi. Ya tambaya ko yau kwamfuta ce ta fi ƙarfin Injiniya, ya ce a yi shela a layi. Da idonsa ya sauka a kan sunan da ke allo, sai dariyar ta maƙale masa. Ya ce Allah ya jiƙan Malama, ya koma kan kekensa. Injiniya ya ce amin, bai ɗago ba.

Da wata kwamfutar ce, ta wani baƙo, wallahi cikin minti goma zai gane ciwon. Amma ranar kansa ba ya tunani, hannunsa ne kawai ke aiki. Hannun ya kai shi hanyar ƙarshe, baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni kai tsaye, inda faifai ba shi da suna sai lamba. Shekara ashirin, faifan ciki shi ne sifili. Jerin ya fito, bai karanta ba. Ya rubuta sifili. Kuma tunda ƙaramar gogewa ta ƙi, sai ya ba da umarnin babbar, wadda ke bi lungu-lungu tana shafe komai, wadda ko shi kansa ba ya iya dawo da abin da ta ci.

Wannan karon babu gardama. Aiki ya kama tafiya.

Ya jingina da kujera. Rediyo na ta surutu a kan farashin mai da wasan ƙwallo. Wata mata ta kawo firinta mai cin takarda, ya ce ta dawo gobe. Ya sha ruwa. Ya kalli fanka tana kai kai hagu da dama. Sa'a biyu da rabi yana zaune a gaban abin, bai yi tunanin komai ba, ko na matar, ko na 'yar. Da allo ya nuna an gama, ya miƙa hannu zai gyara zaman murfin, sai bayan yatsunsa suka taɓa wani abu mai ɗumi.

Faifan waje ne. Yana nan a jone tun safe, 'yar fitilarsa na ƙiftawa.

Ya koma kan jerin nan da bai karanta ba. Faifai biyu ne kacal a ciki: filashi, da na waje. Na cikin, wanda ya yini yana fama da shi, bai ma fito ba a wannan kunnawar, sai na wajen ya hau gurbinsa ya zama sifili. Ya ɗauke shi ya jona a tasa kwamfutar, duk da ya san abin da zai gani. Wayam. Ko sunan folda ɗaya bai tsira ba.

Ya yi salati a hankali, ba don ya ji wani abu ba, sai don haka ake yi. Sannan ya kashe laftof ɗin, ya jira, ya kunna. Baƙin allo. Ya sake. A karo na uku fulawar ta fito.

Sai a lokacin sana'arsa ta dawo masa. Irin waɗannan faya-fayan na zamani, idan sun ji ƙarshensu ya zo, kulle kansu suke yi: a karanta abin da ke ciki, amma ba a rubutawa, ba a gogewa. Ya sha gaya wa mutane haka a kan wannan kujerar, yana ce musu su gode wa Allah su kwashe kayansu yanzu-yanzu, don kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Shi kuma tun hantsi ya kunna wannan ya fi sau talatin, yana neman kashe shi da hannunsa. Faifan ne ya fi shi hankali.

Ya sake jona faifan waje, wuri kam yanzu akwai shi fal. Ya ja darussan. Da safe minti goma suka ɗauka. Yanzu fayil ɗaya sai ya yi minti huɗu yana jan ciki. Ya zauna yana kallon adadin, hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyinsa don kada su sake taɓa komai. Bakwai. Takwas. A na goma sha biyu layin ya tsaya. Allo ya daskare, sannan ya yi baƙi. Ya kunna sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Fulawar ba ta sake fitowa ba.

Ya zare faifan wajen, ya kai shi can kan kanta, nesa da tebur. Ya kwance bayan laftof ɗin, ya cire mataccen, ya sa sabo daga kwali. Manhajar ta hau cikin minti ashirin, ko tari ba ta yi ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da Mamana ta shigo da jakar mai taya. Ta ga sabon allo, ta yi murmushi, ta ce abin kamar daga kanti. Sannan ta tambayi darussan. Bai yi kwana-kwana ba, ya gaya mata yadda aka yi daga farko har ƙarshe, da muryar da yake yi wa masu kawo gyara bayani. Ya ce laifinsa ne, bai zare ba. Ya ce sha ɗaya ne suka rage.

Ta zauna a ɗaya kujerar. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta.

"Sha ɗayan, ka buɗe ka ji ko sun kwafu?"

"A'a."

"Ai dokarka ce, Baba."

Ya tashi ya ɗauko faifan daga kanta, ya jona a kwamfutarsa, ya danna na farko. Aka ji ƙarar jan kujera, aka ji shafin littafi. Sai muryar ta fito, ƙalau, kamar tana bayan labule. Ta yi wa yara sallama, ta ce yau za su koyi lissafin rabawa, kowa ya ɗauko fensirinsa. Sannan muryar ta juya gefe, ta sauko daga ta aji zuwa ta gida.

"Injiniya, don Allah rage rediyon nan mana, aiki nake yi."

Kafin ya san abin da yake yi, hannunsa ya riga ya kai kan rediyon shagon ya murɗa shi ƙasa. Ya ce, "To, na rage."

Mamana ta sa ɗankwalinta a baki. Shi kuwa yana tsaye, yatsunsa a kan maɓallin, sai ya ji abin da ya yi wata takwas bai ji ba ya taso masa daga ciki, da zafinsa. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da tebur. A cikin lasifika Malama ta ce yawwa, na gode, ta ci gaba da darasinta.