Ƙafafun Baba Obadiah

A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, direbobin hanyar Kafanchan zuwa Kwoi sun jima kafin hannunsu ya saba. Wata babbar mota ta kife da buhunan citta da fasinjoji a gangaren da ke kusa da wani ƙaramin asibitin mishan, kuma abin da Sista Bernice Tagwai, mai aikin jinya a asibitin, ta gani ran nan ya tsaya mata a rai har damina ta wuce. Mutanen gari sun fito da zuciya ɗaya, amma kowa ya sunkuci wanda hannunsa ya fara taɓawa. Ana can ana fama da masu ƙujewa a gwiwa, wata mata ta cika a bakin kwalbati saboda zubar jini.

Shi ya sa da kaka ta yi, Bernice ta roƙi ikkilisiya a yi gwaji. Aka aro mota wurin wani mai sayen citta, 'yan coci suka hau suka kwanta kamar an yi hatsari. Wanda aka ɗaura wa farin tsumma a hannu, rauninsa kaɗan ne. Mai jan tsumma kuwa ransa na hannun Allah, shi ya kamata a fara ɗauka. Ta yi wa samarin da za su yi ɗauka bayani har bakinta ya gaji, kowa ya ce ya gane.

To, an yi gwaji da safe, ga shi da la'asar an taru a ajin Lahadi don a duba yadda abin ya tafi. Bernice ce mai jan taron, kuma da za a ba ta zaɓi, da ta gwammace ta wanke gyambo goma. Ta san abin da ya lalace. Ta kuma san idan aka tashi ba a faɗe shi ba, ranar da wata motar ta faɗi haka za a sake yi, a sake rasa rai. Matsalar ita ce tushen kuskuren yana zaune a bencin gaba, ya dogara da sandarsa, fuskarsa sai walƙiya take don murna. Baba Obadiah ke nan, dattijon ikkilisiya, kuma surukinta, uban mijinta. Tun da ta shiga gidansu ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta ce masa ga inda ya tsaya ba daidai ba.

Rabaran Simon ya buɗe da addu'a mai tsawo, wadda a cikinta ya riga ya gode wa Ubangiji saboda nasarar da aka samu. Bernice ta ce amin a hankali. Sai ta tambaya ko akwai wanda ya ga wani abin gyara.

Mutanenmu kuwa, in babba na wuri, abin gyara ɓuya yake yi. Wannan ya ce komai ya tafi sumul. Wancan ya ce sai godiya. Wata mata ta ce ruwan sha ne kawai ya yi kaɗan, aka yi ta gyaɗa kai kamar an gano babban abu. Daga nan Baba Obadiah ya yi gyaran murya.

"Ni dai zan yaba yaran nan," in ji shi. "Luke da Nicholas, sun ɗauke ni kamar ƙwai. Sun gaishe ni, sun kawo mini hula na da ya faɗi, sun sa ni a inuwa. Har yanzu akwai tarbiyya a garin nan."

Aka yi tafi. Bernice ta dubi farin tsumman da har yanzu ke ɗaure a hannunsa, ranta ya yi nauyi. Tana ƙaunar tsohon nan, shi ya tsaya mata lokacin da dangi suka ce matar aure ba ta zuwa Jos karatun jinya. Ba ta so ta zubar masa da girma a gaban yara. Amma matar nan ta bakin kwalbati ita ma uwar wani ce.

"Rabaran," ta ce, don ta fi iya fuskantar fasto da magana, "ina roƙon abu ɗaya. Duk wanda ya kwanta a mota ɗazu, ya tashi ya tsaya a layi, bisa yadda aka sauke shi. Na farko a gaba."

Aka tashi ana raha, ana jan benci. Baba Obadiah ya tsaya a gaba yana gyara riga. Bayansa matar tsohon hedimasta, sai shugabar zumuntar mata, sai magidanta, sai samari. Da layin ya miƙe har bango, dariyar ta fara raguwa, domin ko makaho ya shafa ya san abin da ke nan. An jera mutane bisa shekaru, kamar za a raba naman Kirsimeti. Fararen tsummoki sun cika gaba, jajaye suna can baya. A ƙarshen layi kuwa Edna ce, 'yar Bernice, wadda ta zo hutu daga makarantar 'yan mata.

Baba Obadiah ya waiwaya ya hango jikarsa, ya soma tsokanar da ya saba. "A'a, matata, ke ce a wutsiya? Wa ya ba ki jan ƙyalle, ni mijinki ina da fari?" Ba wanda ya yi dariya. Ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. "Wai jan nan, mene ne ma'anansa?"

Rabaran ya sunkuyar da kai. Samari suka shiga kallon rufi. Bernice ta ga ba mai ɗauke mata wannan kaya, sai ta ɗan rusuna, idonta a ƙasa.

"Baba, mai ja shi ne wanda jininsa ke zuba, ba ya iya jira. Da abin nan gaske ne, da yanzu ba a nan muke zaune ba. Da muna gida ana karɓar gaisuwar Edna."

Tsohon ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya juya wurin Luke, ya tambaye shi ba tare da faɗa ba, me ya sa bai fara ɗauko ta ba.

Luke ya murza hularsa. "Baba, Edna kam mun gan shi tun farko, yana can ciki da ja. Amma kai ka kwanta a bakin mota, ƙafanka ya tare hanya. Ni ba zan iya tsallaka ƙafan baba ba. Da muka ɗauke ka kuma, sai ga Mama matar hedimasta a kusa, yaya za mu wuce shi? Haka haka har muka gama."

Gaskiya ya faɗa. Gwiwar tsohon ce ta hana shi shiga can ciki, ya miƙe a inda ya samu. Kuma duk wanda ke ajin nan, da bulala aka koya masa cewa ba a tsallake ƙafar babba.

Baba Obadiah ya kwance farin tsumman ya ajiye a benci, ya taka a hankali zuwa ƙofa, wadda ita kaɗai ce a ajin. Ya jingine sandarsa, ya zauna a ƙasa da ƙyar, ya miƙe ƙafafunsa biyu suka tare hanya daga wannan gefe zuwa wancan.

"Rabaran, rufe da addu'a," ya ce. "Miting ya ƙare. Kowa ya zo ya wuce."

Addu'ar ta fito gajeriya. Aka tsaya cirko-cirko, ba mai son ya fara. Sai da tsohon ya kira Luke da suna, yaron ya zo yana gumi, ya ɗaga ƙafa kamar mai haye wuta, ya tsallaka. Nicholas ya bi. Shugabar zumuntar mata ta haye tana cewa Yesu ya gafarta mata. Edna ta haye da gudu tana dariya da hawaye, kakan ya kai mata duka a wasa bai same ta ba.

Aka bar Bernice ita kaɗai a ciki. Ta tattara tsummokin, ta gyara bencin da ba ya bukatar gyara, har dai abin yi ya ƙare. Ta zo bakin ƙofa ta durƙusa, kunya da tausayi sun cika ta, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Sannan ta tattare gefen farar rigarta ta tsallaka a hankali.

Ba ta yi nisa ba ta ji muryarsa a bayanta.

"Dawo ki sake. Kin tsaya gaisuwa, mai jini ba zai jira ki ba."