Sufana Mai Lamba Goma

A bangon garejin jiragen sama akwai wani ƙaton allo da aka zana siffar kowane kayan aiki da jan fenti a inda ake rataye shi. Ranar Talata, ƙarfe bakwai saura na safe, Kawu ya tsaya gaban allon ya ga zane ɗaya babu komai a kansa. Sufana mai lamba goma ba ta nan.

Kawu shi ne babban injiniyan kamfanin. Shekararsa talatin da ɗaya a wannan aiki, kuma jirgi ba ya tashi sai ya sa hannu ya buga hatiminsa. Kowa Kawu yake ce masa, amma Kyaftin ɗin da za ta tuƙa jirgin ƙarfe takwas 'yar ƙanwarsa ce ta jini.

Ya kira Dogo, makaniken da suka yi aiki tare jiya. Suka zazzage akwatuna, suka leƙa ƙarƙashin benci, har kwandon shara sai da suka juye.

"Ko ka kai wa Gwaggo ne ta ɗaure keken ɗinkinta?" in ji Dogo, yana nufin matar Kawu.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ɗauki waya ya ce a dakatar da jirgin.

Ba a yi minti biyar ba Manaja ya shigo yana haki. "Haba Kawu! Sufana ce fa, ko tsawon tafin hannu ba ta kai ba. Fasinja arba'in da shida suna zaune suna jira."

"Ranka ya daɗe, doka ba ta ce babba ko ƙarama ba. Ta ce in kayan aiki ya ɓata, jirgi ya zauna har a gan shi."

Manaja ya juya ga Kyaftin, wadda ta shigo da hularta a hammata. "Ke ki yi wa kawun naki magana mana."

Ta ce, "Ni da ba zan hau ba ko ya sa hannu? Gara a zage mu a ƙasa."

Awa uku suna kwance murafen jikin jirgin ɗaya bayan ɗaya. Wajen sha ɗaya Dogo ya zura fitila ƙarƙashin daɓen ɗakin matuƙa, sai ya zaro sufanar. Tana kwance ne dab da igiyoyin ƙarfen da ke juya wutsiyar jirgi. Da jirgin ya yi girgiza a sama, tana iya shiga tsakaninsu ta maƙale.

Ba sai an tambayi wanda ya bar ta ba. Littafin aiki ya nuna Kawu ne ya rufe wurin jiya da la'asar, ya kuma sa hannu cewa ya duba, babu komai.

Jirgin ya tashi sha biyu da rabi. Kawu ya zauna ya ciro fom ɗin rahoto. Yanzu kuma Manaja ne ke lallashi.

"An gan ta, ba abin da ya faru. A bar kaza cikin gashinta."

"Da Dogo ne ya bar ta, da tuni na rubuta," Kawu ya ce, ya ci gaba da cike fom ɗin.

Bayan kwana huɗu sufeto ta zo daga hukumar kula da jiragen sama. Ta karanta rahoton, ta yi 'yan tambayoyi, sai ta miƙa masa wani ƙaramin ƙarfe ta ce ya karanta mata lambar jikinsa. Ya kai shi kusa, ya kai nesa, ya juya wajen haske. Ya kasa karantawa, ta karɓi abinta. Aka riƙe hatiminsa har sai ya kawo takardar likitan ido.

Da ya gaya wa matarsa, ko ɗago kai ba ta yi daga guga ba.

"Shekara biyu kana miƙo mini waya in karanta maka saƙo, wai rubutun zamani ne ya ƙanƙance."

Kyaftin ce ta kai shi asibitin a motarta. Mako uku ya yi a gida, ya koma aiki da tabarau mai kauri. Dogo ya kalle shi sama da ƙasa ya ce ashe yau za a san waye mummuna a garejin. Tun daga ranar Kawu ba ya rufe murfi sai wani ya leƙa bayansa, su sa hannu su biyu.