Karen Malam Zailani

"Ni dai na faɗa miki, Rahamatu, karen nan ba zai kai Alhamis ba. Ko in yi da hannuna, ko 'yan duba-gari su yi da nasu."

"Yaya Gwadabe, wallahi ba hauka yake yi ba."

"Wa ya gaya miki? Shi ne ya buɗe baki ya ce lafiyarsa ƙalau?"

Gwadabe, wan mijinta, yana tsaye a bakin ƙofar da ta shigo tsakar gida daga zaure, yana ɗaga hannun rigarsa da ya yage har gwiwar hannu. Ita kuwa tana daga cikin ɗaki, bayan asabari, don takaba take yi, sai ta tsakanin karare take hangen sa. Kusa da murhu Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin su Gwadabe, wadda ta zo daga Gagarawa don taya ta zama, tana tsince gero tana kaɗa kai.

"Dubi nan," in ji Gwadabe. "Taimakonsa na je yi. Baƙin man mota na samo a tasha, na shafa masa a inda ya kwaile, kamar yadda kowa ke yi wa mai ƙazuwa. Sai ya zabura ya kawo mini cafka. Da Allah bai sa rigar na da faɗi ba, da yanzu ina asibitin Gumel ana zuba mini allurai a cibiya."

"Kai ma dai," Gwaggo Kande ta ce, "me ya kai ka taɓa najasa da farar riga?"

Sunan karen Duna. Duk Maigatari babu irinsa: ƙato ne kamar ɗan maraƙi, bayansa baƙi, ƙafafunsa ja-ja, kunnuwa a tsaye. Wani Baturen likitan dabbobi ne ya bar wa mijinta, Malam Zailani, shi yana ɗan kwikwiyo, lokacin da zai koma ƙasarsu. Malam Zailani malamin dabbobi ne, shi ke duba shanun da ake shigowa da su daga Damagaram kafin su shiga kara, kasuwar dabbobi. Duk inda kekensa ya nufa Duna na gefe, in ya dawo kuma karen ya kwanta a simintin zaure yana gadi. A jikin wannan karen 'yarsu Ummu ta koyi tsayuwa, ta kama gashin wuyansa ta miƙe, shi kuwa ya ƙame kamar gini har sai ta saki.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Malam, bai tashi ba. Ranar rasuwar zaure ya cika da masu gaisuwa, aka shimfiɗa tabarmi, malamai suna addu'a, Gwaggo Kande ta ce ba za a yi salla kare na shawagi ba. Aka ja Duna bayan gida aka ɗaure shi a turken awaki. Rahamatu ba ta ma san an yi ba, don a kwanakin nan ko sunanta aka kira sai ta yi tunani kafin ta amsa. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, aka naɗe tabarmi, amma ba wanda ya tuna ya kwance shi. Da ta sani ma, takan miƙa masa tuwo da ƙashi daga nesa, shi ke nan. Sai ya fara susa. Ya sosa da ƙafa, ya ciza da haƙori, har gashin gindin wutsiyarsa ya zube, fata ta yi jawur tana tsattsafo da ruwa, idanunsa suka kaɗa.

Ana cikin haka sanƙira ya zaga gari da shela: an sami mahaukacin kare ya ciji mutane a wajen Sule Tankarkar, saboda haka duk karen da ba shi da sabuwar lambar allurar rigakafi a wuya, ranar kasuwa, wato Alhamis, 'yan duba-gari za su jefa masa nama mai guba. Lambar wuyan Duna ta bara ce. Malam ya yi niyyar kai shi Gumel a sabunta, cuta ta riga shi.

"Ki yi tunanin yarinyar nan," Gwadabe ya sassauta murya. "Ita kaɗai ƙanena ya bari. Jiya na same ta tana leƙen bayan gida tana kiran sa. In ya taɓa ta fa? Me zan ce wa Zailani ranar da muka haɗu?"

Rahamatu ta juya. Ta dubi Ummu da ke zaune a ƙasa tana wasa da murfin kwano. Gwadabe ba mugu ba ne. Shi ya yi wa Malam wanka, shi ya shiga kabari, tun ranar kuma bai fasa aiko da cefane ba. In ya ce tsoro yake ji, tsoron yake ji da gaske.

"A kai shi Gumel mana, Yaya," ta ce a hankali. "Malam Muntaka na can, abokin aikin marigayi ne. Allurar tana wurinsu a firij mai kananzir, ba ta zuwa nan sai an yi sa'a."

"Wa zai kai shi? Tun da na shafa masa man nan ko inuwar namiji ya gani sai ya yi gurnani. Ke kuwa ba ki fita." Ya juya. "Zan dawo bayan La'asar. Na yi magana da wani maharbi."

Da ya tafi, gidan ya yi shiru, sai ƙarar gero a faifai. Rahamatu ta ja mayafinta ta fito, ta ɗebi ruwa a randa ta zuba a kasko.

"Ina za ki, 'yar nan?"

"Bayan gida, Gwaggo."

"Da ruwa a kasko? To, Allah ya kyauta."

Warin fitsarin awaki da na baƙin mai ne ya fara tarbar ta. Duna yana kwance cikin busasshen kashin awaki da guntayen harawa, igiya ta ci masa wuya. Da ya gan ta ya ɗago kai, ya buga wutsiya a ƙasa sau ɗaya, kamar mai jin kunyar a gan shi haka. Ta tuna abin da Malam ya taɓa faɗa mata, cewa mahaukacin kare ba ya iya haɗiye ruwa, maƙogwaronsa shaƙewa yake yi. Ta ajiye kaskon, ta tura da ƙafa. Ya miƙe da ƙyar, ya sa baki, ya sha, ya sha, har ya lashe gindin kaskon, sannan ya ɗago ya dube ta da ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Shekara nawa suna gida ɗaya, ba ta taɓa sa masa hannu ba. A gidansu an tashe su a kan kare abin tsallakewa ne, Malam kuma bai taɓa tilasta ta ba, sai dai ya yi dariya ya ce, "Ke da Duna kishi kuke yi a kaina." Yau sai ga ta durƙushe a gabansa. Ta miƙa yatsu ta buɗe gashin bayansa. Ƙuma ce, baƙaƙe, suna tsere cikin gashi kamar an watsa riɗi.

Sai komai ya dawo mata. Safiyar kowace Juma'a, Malam a bakin rijiya ya naɗe ƙafar wando, yana cuɗa karen da sabulu da ruwan dafaffen ganyen darbejiya, sannan ya barbaɗa masa farar hoda daga wani gwangwani. Ita tana tsokanarsa cewa ango ma ba a yi masa wannan gata. Shi kuma yana cewa, "Wannan ba irin karnukanmu ba ne, Rahama. Namu ƙuma ɗari ta cije su su yi barcinsu. Shi ko guda ɗaya ta cije shi duk jikinsa zai ɗauka, kamar mai borin jini. Shi ya sa ba na bari ya je wajen awaki." Ta ji muryar nan sarai, har da yadda yake yanke sunanta. Ga shi an ɗaure abin da ya fi lallaɓawa a daidai inda ya hana, fata ɗanya kuma an zuba mata man mota. Ko mutum aka yi wa haka ai zai kai duka.

Ta yi kuka a nan, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da makara. Duna ya matso ya ɗora haɓarsa a gwiwarta, bai motsa ba.

Amma kukan bai kore mata tsoro ba. Shan ruwa ba shaida ba ce da za ta tsaya a gaban 'yan duba-gari, ita kanta ma ba ta da tabbas. In da wani abu a jininsa da bai fito ba tukuna fa? Wannan sai Malam Muntaka ya duba. Ta kwance igiyar, ta jawo shi tsakar gida, ta ɗaure shi a gindin darbejiya, ta kai Ummu ɗaki ta ja ƙyaure. Ta ɗora ganye a wuta, ta sami gwangwanin hodar a inda yake, kan katanga, ƙarƙashin tsohuwar hular Malam.

"Innalillahi!" Gwaggo Kande ta saki faifai. "Mai takaba da wankan kare? Ke da ko kitso ba ki yi, shi ne za a yi wa kwalliya?"

"Zan wanke hannuna, Gwaggo, zan sake zane. Ruwa bai ƙare a rijiya ba."

Bayan La'asar Gwadabe ya yi sallama, maharbin na jiran sa a waje. Ya tarar da karen a jiƙe, an wanke man tas, ya yi fari-fari da hoda, yana kwance. Duna ya yi gurnani ƙasa-ƙasa. Rahamatu ta dafa kansa, ya yi shiru. Wannan karon ba ta koma bayan asabari ba, ta dai ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ya sha ruwa a gabana, Yaya. Ƙumar awaki ce jikinsa ba ya ɗauka. Amma ban ce ka yarda da ni ba. Malam Muntaka ya duba shi. In ya ce hauka ne, a yi abin da za a yi a can, ba zan ce uffan ba."

"Na ce miki ba mai iya kai shi!"

"Mutane fa, Rahamatu," Gwaggo Kande ta ce. "Za a ce ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kin hau mota. Wannan maganar za ta bi ki har tsufa."

Ta sani. Ta san bakin matan unguwa, ta san za a ba Ummu labarin wata rana. Ta dubi hular da ke kan katanga, ta dubi karen.

"Malamai sun ce mai takaba na fita da rana in lalura ta kama, muddin za ta kwana a ɗakinta. Yaya, ka sallami maharbin nan. Gobe da hantsi zan hau motar Gumel, igiyar Duna a hannuna, in dawo kafin Magariba. In za ka raka ni, na gode. In ba za ka ba, ni kaɗai zan tafi."