Ƙotar Merle

Tun da aka binne Merle, Verna ta kasa zama wuri ɗaya. Ta dafa kofi ta bar shi ya huce, ta share ɗakin da ta riga ta share, ta fita ta dawo ba ta san abin da ya fitar da ita ba. Da ƙungiyar maharba ta garinsu ta ce gasar farko bayan sanyi da sunan mijinta za a yi ta, sai ta ce ita ma za ta harba, kuma da bindigarsa.

Ranar Asabar ta riga kowa zuwa fili. Duane, ƙanin Merle, ya tarar da ita tana zagaya mota.

"Matar Yaya, gadin motar aka ba ki? Zauna mana."

"Kai dai zauna. Dubi tumbinka, zama ya karɓe shi."

Kafin kowa ya hau bencin harbi sai an auna bindigarsa. A ajin mafarauta doka ce: kada ta wuce laba goma, kada faɗin ƙota, wato katakon jikin bindiga, ya wuce inci biyu da kwata. Merle kuwa kullum sai ya kai tasa bakin iyaka, kamar mai cika kofi har baki, don mai nauyi ta fi kwanciya a kan jakar yashi. Wannan ƙota ita ce aikinsa na ƙarshe. Daga itacen ceri da iska ta kayar a bayan gidansu ya sassaƙa ta, yana yi yana zama yana haki.

Tsoho Lowell ne ke riƙe da sikeli. Ya gwada faɗi, lafiya lau. Ya ɗora ta a sikeli, ya sauke, ya goge tabarau, ya sake ɗorawa.

"Verna, yarinyar nan ta yi ƙiba. Oza biyu."

"Sikelinka ne ya tsufa kamar mai shi."

"Ina kika ajiye ta?"

"Ɗakin ƙasa, inda take kullum."

"Injin tsotse laima yana aiki?"

Merle ne ke sauka ya zubar da ruwan injin. Ita kuwa tun rasuwarsa sau ɗaya ta taka matakalar nan, ranar da ta ɗauko bindigar. Katako ya yi ta shan laima babu mai dubawa.

"Haba Lowell," in ji Duane, "gasar mijinta ce fa. Rufe ido."

"Mijin nata ya taɓa korata a kan rabin oza, a gaban matata. In na rufe ido yau, sai ya taso ya mare ni." Ya juya gare ta, ya sassauta murya. "Ki harba abinki, amma ba za a ƙirga miki ba."

"Ban zo wasan yara ba."

Ta ɗauki bindigar ta nufi motar Duane, ta wuce ta, ta dawo. Suka cire murfin madubin hange na bindigar, suka cire wani ɗan ƙarfen rataya, suka koma sikeli. Har yanzu da saura.

Duane ya jawo wata ƙota daga bayan kujera, ta roba, koriya shar.

"Ga wannan. Kusoshinsu iri ɗaya ne, yanzu na ɗaura miki. Roba ba ta shan ruwa."

Ta karɓa ta juya ta. Babu nauyi, babu laifi ko ɗaya, sai sanyi a hannu.

"Wannan ai kwaɗo ne. In na ɗaura ta, bindigar wa zan ce na harba?"

"To saura abu ɗaya, kuma ba za ki so jin sa ba." Ya sosa ƙeya. "Ƙotar nan ta yi miki tsawo. Yaya hannunsa kamar sandar tsinkar tuffa yake. Na gan ki ranar Laraba wajen gwaji kina miƙa wuya kamar agwagwa. A yanke gindinta kaɗan, tsawo ya tafi, nauyi ya tafi."

"A yanke?"

"Ni dai na faɗa."

Ta bar shi nan ta tafi har bakin shinge. Tutocin da ke nuna wa maharba yadda iska take suna ta kaɗawa a tsakar fili, wannan ta yi gabas, waccan ta yi yamma. Ko rigunan Merle ba ta taɓa ba, takalmansa suna nan a bakin ƙofa yadda ya cire su. Yanzu kuma a ce ta sa zarto a kan abin da ya ƙarar da sauran ƙarfinsa a kai. Ta dawo, ta sake komawa. Lowell ya ɗaga murya yana kiran rukunin farko su matso.

"Ina zarton?"

"Kawo in yi miki."

"Riƙe min dai. In za a ɓata, ni zan ɓata."

Duane ya kwance 'yar robar da ke gindin ƙotar Merle, ya ja layi da fensir, ya danne ƙotar a ƙofar bayan mota. Zarton ya yi ta zamewa kafin ya kama. Da ya shiga, sai ƙamshin ceri ya tashi, irin wanda Merle ke shigowa da shi kicin a jikin rigarsa. Ta tsaya. Duane ya kau da kai yana kallon tutoci. Ta goge fuska da kafaɗa ta ci gaba, har guntun ya faɗi cikin ciyawa.

"Ya karkace," in ji Duane.

"Kai ma a karkace aka haife ka, ga ka nan kana yawo."

Ya ɗaure robar. Ta ɗan fi katakon faɗi yanzu, amma ta zauna. Lowell ya ɗora a sikeli, ya daɗe yana kallo.

"Benci na uku. Yi sauri."

Ta kwantar da bindigar a kan jakunkunan yashi, ta ja kujera. A saman ƙotar akwai wuri guda da ya yi duhu ya yi santsi, inda kuncin Merle ke kwanciya. Duk gwajin da ta yi a baya, nata kuncin a bayansa yake tsayawa, bai taɓa kaiwa ba. Ta sa gindin a kafaɗa, ta sunkuya, sai ta ji fuskarta ta sauka daidai a wurin. Takardar saiti ta fito tar a cikin madubi.

Tuta ta kusa ta kwanta, ta nesa ma ta bi ta, iska ta lafa. Verna ta ja kunamar bindigar.